Lambobin Sigogin Manhaja: Tsarinsu, Ma'anarsu da Alaƙarsu da Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula, ko ya zauna gaban kwamfuta, ya ci karo da wasu lambobi masu ɗigo a tsakaninsu, kamar 2.7.18 ko 22.04, liƙe da sunan manhajar da yake aiki da ita. Galibin mutane ba su cika kula da waɗannan lambobi ba, sai ranar da waya ta ƙi buɗe wani abu, ko kuwa wani harafi ya ƙi fitowa a allo. A ranar ce ake tambayar wace siga ce ke cikin na'urar.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake raɗa wa manhajoji waɗannan lambobi, da abin da kowace lamba take nufi, da kuma dalilin da ya sa ya kamata ɗalibin Hausa ya san su. Za a fara da tantance kalmomi, sa'an nan a waiwayi yadda malaman ƙasar Sakkwato suke sa wa rubutunsu alamar lokaci, domin matsalar tsohuwa ce, kayan aikin ne kawai sababbi. Daga nan sai a bi tsare-tsaren zamani ɗaya bayan ɗaya, a kammala da abin da ya shafi harshen Hausa da masu magana da shi a yankin Wurno da Raba da Goronyo.

2.0 Tantance Kalmomi

Kalmar manhaja, wadda a da aka fi sanin ta da ma'anar tsarin karatun makaranta, yanzu ta faɗaɗa ta ƙunshi jerin umarnin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya domin ta gudanar da aiki. Ita kuwa manhaja ba a gama rubuta ta sau ɗaya. Kullum ana gyara ta, ana ƙara mata, ana rage mata. Saboda haka dole a sami kalmar da za ta nuna halin da take ciki a wani ƙayyadadden lokaci.

Hausa tana da kalmomi uku da suke kusa da wannan ma'ana. Ta farko ita ce bugu, wadda aka saba da ita a harkar littattafai, kamar a ce bugu na farko ko bugu na biyu. Ta biyu ita ce fitowa, wadda ake amfani da ita ga jarida da mujalla, kamar yadda aka riƙa ƙidaya fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga watan Janairu na 1939. Ta uku ita ce siga, watau kama ko yanayin abu. A wannan maƙala za a yi amfani da siga ga yanayin manhaja a wani lokaci, fitowa kuwa ga aikin sakin wannan siga ga jama'a. An bar bugu ga littattafai, tun da manhaja ba a kai ta maɗaba'a.

3.0 Ramzi: Gadon Malaman Sakkwato

Tun kafin a san kwamfuta, marubutan Daular Usmaniyya suna da hanyarsu ta nuna shekarar da suka kammala aiki. Wannan hanya ita ce ramzi. A tsarin abajada kowane harafin Larabci yana da adadinsa, sai marubuci ya haɗa haruffan da jimillarsu za ta ba da shekarar Hijira, ya sa su a ƙarshen waƙa ko littafi. A lissafin Magariba, wanda shi ne aka bi a wannan ƙasa, harafin shinun dubu ne, ra kuwa ɗari biyu. Shi ya sa ake yawan samun waɗannan haruffa biyu a ramzin rubuce-rubucen ƙarni na goma sha uku na Hijira.

Alal misali, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri a shekarar 1227 ta Hijira, watau 1812. Haruffan da za su ba da wannan adadi su ne shinun (1000) da ra (200) da kaf (20) da zayun (7). Haka kuma ya rasu a Wurno, ribaɗin da ya kafa, a shekarar 1253, watau 1837, kuma can kabarinsa yake. Wannan shekara za ta fito da shinun da ra da nun (50) da jim (3).

Akwai darasi babba a nan. A lissafin ƙasashen Gabas shinun ɗari uku ne. Idan mai nazari ya ɗauki haruffan 1253 ya lissafa su da tsarin Gabas, sai ya sami 553, ya mayar da Bello baya da shekara ɗari bakwai cif. Ke nan lamba ba ta da ma'ana sai an san tsarin da aka gina ta a kai. Wannan ƙa'ida tana aiki a kan manhaja kamar yadda take aiki a kan ramzi.

Sai dai ramzi yana da iyakarsa. Shekarar da mawallafi ya gama aikinsa yake nunawa, mai kwafa kuwa yakan kwafe shi tare da sauran matanin, ko da bayan shekara hamsin ne. Don haka ana iya samun kwafi biyu na waƙa ɗaya, ɗaya daga Wurno, ɗaya daga Raba, masu ramzi iri ɗaya, alhali baitocinsu sun sha bamban. Wanda ya yi aiki da takardun da ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato ya san wahalar gano wane kwafi ne ya riga wani. Wannan giɓi ne masu rubuta manhaja suka nemi toshewa, ta hanyar ba kowane sauyi lambarsa.

4.0 Tsare-tsaren Lamba

4.1 Tsarin Lamba Uku

Tsarin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu rubuta manhaja shi ne na lamba uku da ɗigo biyu, kamar 4.2.1. Wani Ba'amurke, Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin GitHub, shi ya rubuta ƙa'idojinsa da sunan SemVer, kuma siga ta 2.0.0 ta waɗannan ƙa'idoji ta fito a 2013. Za a iya kiran lambobin uku da Hausa kamar haka: lambar sauyi, da lambar ƙari, da lambar faci.

Lambar faci ita ce ta ƙarshe. Ana ƙara ta idan an toshe wata ɓaraka ba tare da an taɓa yadda manhajar take aiki ba, tamkar yadda mai faci yake liƙe tayar keke ya mayar da ita a kan wilinta. Daga 4.2.1 sai a koma 4.2.2.

Lambar ƙari ita ce ta tsakiya. Ana ƙara ta idan an shigo da sabon abu, amma duk abin da yake aiki a da yana nan yana aiki. A nan sai lambar faci ta koma sifiri, watau daga 4.2.2 zuwa 4.3.0.

Lambar sauyi ita ce ta farko, kuma ita ce mai nauyi. Ana ƙara ta idan an yi canjin da zai sa wasu abubuwan da suka dogara da tsohuwar siga su daina aiki. Sauran lambobin biyu sai su koma sifiri, a sami 5.0.0. Wannan gargaɗi ne ga mai amfani da manhajar cewa ya duba kafin ya taka.

Ɗalibin adabi zai fi saurin fahimtar wannan idan ya tuna da rayuwar rubutacciyar waƙa. Idan mai kwafa ya gyara wani harafi da aka yi tuntuɓen alƙalami a kansa, wannan faci ne. Idan wani malami ya yi wa waƙa tahamisi, ya ƙara layi uku a kan kowane layi biyu na asali, wannan ƙari ne, domin baitocin farko suna nan daram, wanda ya haddace su bai yi asara ba. Idan kuwa aka juya waƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, kamar yadda Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa suka yi wa waƙoƙi da dama, wannan sauyi ne, domin haddar farko ba za ta ɗauki mutum zuwa ga ta biyu ba. Wannan kwatanci ne kawai don sauƙaƙa fahimta, tun da waɗancan malamai ba su sa wa ayyukansu irin waɗannan lambobi ba.

Akwai wasu ƙa'idoji uku da suke tafiya da wannan tsari. Ta farko, lambar da ta fara da sifiri, kamar 0.9.3, tana nuna cewa manhajar ba ta nuna ba tukuna, komai na iya canjawa. Ta biyu, kafin fitowa ta sosai akan saki sigogin gwaji masu laƙabin alfa da beta, daga haruffa biyu na farko na Girkanci, kuma darajarsu tana ƙasa da ta sigar da ba ta da laƙabi. Ta uku, idan aka saki siga ba a yarda a sake taɓa abin da ke cikinta ba. Komai ƙanƙantar gyara, sai an ba shi sabuwar lamba. Wannan ta uku ce ta magance matsalar kwafi biyu masu ramzi ɗaya.

Tarihin harshen kwamfuta mai suna Python ya nuna nauyin lambar sauyi. Siga ta 3.0 ta fito a watan Disamba na 2008, ba ta kuma jitu da ta 2 ba. Sai da aka shafe shekara goma sha ɗaya ana riƙe da su biyun, kafin a janye tallafi daga ta 2 a ranar 1 ga Janairu, 2020.

4.2 Tsarin Kalanda

Tsari na biyu ya fi kusa da ramzi, domin lokacin fitowa yake nunawa. Babbar manhajar nan Ubuntu ita ce misali mafi sauƙi. Sigarta ta farko ita ce 4.10, watau watan goma na shekarar 2004. Ba a taɓa yin Ubuntu ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku ba. Ana sakin sabuwa a watan Afrilu da na Oktoba, shi ya sa lambobinta suke ƙarewa da 04 ko 10. A 2006 da aka sami jinkiri har watan Yuni, sai aka kira sigar 6.06. Haka kamfanin Microsoft ya yi da Windows 95 da 98 da 2000.

Amfanin wannan tsari shi ne mutum yana ganin lamba ya san shekarun abin da ke hannunsa. Aibinsa kuwa shi ne ba ya faɗin girman canjin da aka yi. Mai amfani da 22.04 ya san ta 2022 ce, amma lambar ba za ta gaya masa ko takardunsa za su buɗu a 24.04 ba.

4.3 Lambar Kasuwa da Laƙabi

Ba kowace lamba ce take bin lissafi ba. Sau da yawa 'yan kasuwa ne suke zaɓen ta. Daga Windows 8 aka tsallaka zuwa Windows 10 a 2015, ba a yi ta 9 ba. Ita kanta Windows 7 ta 2009, lambarta ta cikin gida 6.1 ce. Haka nan Office ta 2007 siga ta 12 ce, ta 2010 kuwa ta 14, an tsallake 13, adadin da Turawa da yawa suke camfawa. A 1999 mai manhajar Slackware ya ɗaga lambarsa daga 4 zuwa 7 a tashi ɗaya, domin mutane suna ganin takwarorinta sun fi ta yawan lamba suna zaton an bar ta a baya.

Wasu kuma laƙabi suke haɗawa da lamba. Kamfanin Google ya daɗe yana raɗa wa sigogin Android sunayen kayan zaƙi bi da bi bisa jerin abacada, kamar KitKat ga 4.4 a 2013 da Lollipop ga 5.0 a 2014, har zuwa 2019 da aka koma lamba zalla da Android 10. Ɗaya daga cikin dalilan da kamfanin ya bayar shi ne sunayen ba su da ma'ana ga jama'ar ƙasashe da yawa. Wannan gaskiya ce da Bahaushen da ya san alewa da nakiya da alkaki zai tabbatar.

Mafi ban sha'awa shi ne tsarin Donald Knuth na Jami'ar Stanford, wanda ya ƙirƙiro manhajar tsara rubutu mai suna TeX. Tun daga siga ta 3, duk gyaran da ya yi sai ya ƙara lamba ɗaya daga adadin nan na lissafin da'ira, watau 3.1, 3.14, 3.141, har aka kai 3.141592653 a 2021. Abin da yake nufi shi ne aikin yana ta matsowa kusa da kammala, ba faɗaɗa yake yi ba.

4.4 Kuskuren Karatu

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ɗigon siga a matsayin ɗigon lissafi. A lissafi 3.10 daidai yake da 3.1, kuma bai kai 3.9 ba. A siga kuwa ɗigo shinge ne kawai tsakanin lambobi masu zaman kansu, don haka 3.10 ita ce take bin 3.9. Ɗalibin da ya saba da kanun maƙala ya san wannan, domin sashe na 2.10 bayan na 2.9 yake zuwa. Saboda haka a Hausa ya kamata a karanta 3.10 da "uku ɗigo goma", kada a ce "uku ɗigo ɗaya sifiri".

Kuskure na biyu shi ne auna manhajoji biyu da girman lambarsu. Chrome da Firefox duka sun kai siga ta 100 a 2022, saboda suna ƙara lambar farko duk bayan 'yan makonni. Wannan bai sa sun fi wata manhajar da take siga ta 6 inganci ba. Kowane gida da irin ƙidayarsa.

5.0 Abin da Ya Shafi Hausa

5.1 Haruffa

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Ma'aunin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa shi ne Unicode, wanda shi ma yake da sigogi. Ta farko ta fito a 1991. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar, suna ciki tun sigogin farko na farkon shekarun 1990, haka ma alamar Naira. A siga ta 2.0 ta 1996 an kwashe haruffan Koriya daga mazauninsu aka kai su wani wuri, abin da ya rikita rubutun da aka riga aka adana. Tun daga lokacin aka kafa doka cewa harafin da aka ba lamba ba za a cire shi ba, ba za a kuma matsar da shi ba. Wannan alkawari shi ne abin da ya sa ƙ ɗin da aka buga bisa wannan ma'auni shekara ashirin da suka wuce har yanzu ƙ ce.

Ajami ya fi boko jira. A siga ta 9.0 ta 2016 ne aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, waɗanda ɗigonsu yake faɗuwa idan sun zo a ƙarshen kalma. A siga ta 13.0 ta watan Maris na 2020 kuma aka ƙara wasu haruffan Larabci domin rubuta Hausa da Wolof da wasu harsunan Afirka. Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan ɗalibi ya buga wata waƙar ajami da waɗannan haruffa ya aika wa malaminsa, na'urar malamin kuma ba ta da salon rubutun da ya ƙunshe su, abin da zai gani shi ne 'yan akwatuna babu kome a ciki. Matanin lafiyarsa lau, sigar na'urar ce ta gaza.

5.2 Wayar Manomi

Matsalar ba ta tsaya a jami'a ba. A garuruwan kwarin Rima, irin su Taloka da ƙauyukan da suke noman rani da ruwan madatsar Goronyo, waya ta zama kayan aikin manomi da ɗan kasuwa. Da ita ake jin farashin albasa da shinkafa, da ita ake aika saƙon murya ga dillali da direba. Da yawa daga cikin waɗannan wayoyi kuwa na hannu ne, an saye su ne bayan wani ya more su.

A watan Oktoba na 2023 manhajar WhatsApp ta daina aiki a kan duk wayar da sigar Android ɗinta ba ta kai 5.0 ba. Wayar da take ɗauke da 4.4 tana nan lafiya, tana kira tana amsawa, amma wannan ƙofa ta rufe mata. Wanda ya sayi irin wannan waya bai duba lambar ba, ya sayi abin da kwanansa ya ƙare. Haka kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, abin da ya shafi tsofaffin kwamfutoci da yawa na makarantu da shagunan buga takardu. Kowace siga tana da ranar haihuwa da ranar da masu ita za su daina yi mata faci. Bayan wannan rana, duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a cikinta a buɗe za ta zauna.

A nan akwai aiki a gaban masana Hausa. Saƙon da yake gargaɗin mutum cewa sigarsa ta tsufa galibi da Turanci yake zuwa, ko da wata Hausa wadda aka fassara kalma da kalma har ta kasa isar da ma'ana. Idan aka daidaita kalmomi irin su siga da fitowa da faci da sabuntawa, gidajen rediyo da masu gyaran waya suka ɗauke su, mai saye zai iya tambayar mai sayarwa lambar siga kamar yadda yake duba haƙoran rago kafin ya biya.

5.3 Mai Nazari

Ɗaliban ilimin harsuna suna ƙara dogaro da manhajoji wajen auna sauti da ƙidaya kalmomi da fassara. Sakamakon da siga ɗaya ta bayar yana iya bambanta da na wata, musamman idan lambar sauyi ta motsa. Saboda haka wajibi ne mai nazari ya rubuta sunan manhajar da cikakkiyar lambar sigarta a cikin kundinsa, kamar yadda yake rubuta bugun littafin da ya ɗauko magana daga ciki. Idan bai yi haka ba, wanda zai biyo bayansa ba zai iya maimaita aikin ya tabbatar da shi ba, kuma nazarin da ba a iya tabbatarwa ƙarfinsa kaɗan ne. Haka kuma yana da kyau ɗalibi ya riƙa ba daftarin kundinsa lamba ko kwanan wata, domin kada shi da mai duba aikinsa su wayi gari kowa yana gyara kwafi dabam.

6.0 Kammalawa

An ga cewa lambar siga tana iya nuna ɗaya daga abubuwa uku: girman canji, kamar a tsarin lamba uku, ko lokacin fitowa, kamar a tsarin kalanda da ramzi, ko kuwa abin da 'yan kasuwa suke so a gani. Matakin farko ga mai karanta ta shi ne ya gano wane tsari aka bi, kamar yadda mai warware ramzi yake fara tantance ko lissafin Magariba ne ko na Gabas. An kuma ga cewa waɗannan lambobi suna yanke hukunci a kan ko harafin ajami zai fito a allo, da ko wayar manomi za ta ci gaba da yi masa aiki, da ko za a iya tabbatar da sakamakon nazari.

Abin da ya rage shi ne sassan Hausa na jami'o'i su zauna su tantance kalmomin wannan fage, su kuma duba yiwuwar ba kwafe-kwafen rubutun ajami da ake mayarwa cikin kwamfuta lambobin siga, ta yadda duk gyaran da wani mai tahaƙiƙi ya yi za a san shi, a san kuma wanda ya gabace shi. Kalmomin da aka kawo a nan shawara ce, ƙofa kuma a buɗe take ga malamai da ɗalibai su tace su.